Sankarar Furostet Cikin Tarihi: Daga Littattafan Gwandu Zuwa Ɗakin Awo



Gabatarwa

Abin da jama'a suka saba ji daga bakin mai nazarin tarihi, in ya tsaya a wuri irin wannan, shi ne labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar birane. Yau kuwa abin da na zo da shi tarihin wata cuta ne, cutar da ke kama maza idan shekaru suka ja, wadda kuma dattawanmu ba su ƙaunar a ambace ta a gaban yara. Cuta ma tana da tarihinta. Akwai ranar da aka fara gane ta, akwai ranar da aka sami hanyar auna ta, akwai kuma ranar da masana suka farga cewa abin da suka daɗe suna koyarwa a kanta kuskure ne.

Abin da nake so in nuna a wannan lacca guda ɗaya ne. Cikin shekaru kamar 170, ilmin likita ya tashi daga matsayin da ba ya tabbatar da wannan cuta sai bayan mutum ya rasu, ya kai matsayin da yake iya ganinta tun ba ta fara damun mai ita ba. Wannan ci gaba bai sauke wa majiyyaci nauyin yanke shawara ba, ƙara masa ma ya yi. Amma yawan hanyoyin da za a shimfiɗa masa ya zaɓa ya danganta ne ga ranar da ya isa asibiti. Domin kada magana ta tsaya a sama, zan riƙa auna ta da halin mutumin Masama ta ƙasar Gwandu, manomin gero da dawa, wanda asibitocin da zai dosa suke Birnin Kebbi da Kalgo da Sakkwato.

Sunan Cutar da Mazauninta

Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne da ke jikin kowane namiji, girmansa bai fi na ƙaramin goro ba. Yana zaune ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye bututun da fitsari ke bi kamar zobe a yatsa, kuma aikinsa shi ne samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Yawancin maza in sun haura shekara 50 ƙullutun nan yakan ƙara girma, ya matse bututun, sai mutum ya riƙa tashi fitsari da dare, ko kuwa fitsarin ya riƙa fita da ƙyar. Wannan kumburin tsufa ne, ba sankara ba ne. Ita sankara galibi daga gefen ƙullutun take farawa, nesa da bututun, saboda haka takan shekara da shekaru ba ta nuna wata alama ba. In ta bar mazauninta, ƙasusuwan baya da na ƙugu ta fi nufa.

A gidajen rediyo da jaridu mukan ji ana kiranta sankarar mafitsara. Wannan suna yana da haɗari, musamman a wannan yanki namu, domin ita ma mafitsara tana da tata sankara dabam. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato sun daɗe suna ba da rahoton yawan sankarar mafitsara a tsakanin manoma da masunta, suna kuma danganta ta da tsargiya, wadda ake ɗauka tun yarinta a tafkuna da fadamu. Cututtuka biyu ne, maganinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka zan tsaya a kan sunan furostet.

Gadon Gwandu

Kafin mu ƙetare teku, ya kamata mu fara da gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daular Usmaniyya, ya kuma rasu a Gwandu a 1829, ya bar littafi mai suna Masalihul Insan al-Muta'alliƙa bil Adyan wal Abdan. Sunan kaɗai ya isa ya nuna mana yadda malamin ya ɗauki al'amarin, watau ya jera maslahar addini da maslahar jiki a sahu ɗaya. Ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya fi shi zurfafawa a wannan fanni. Ya yi talifi a kan ciwon ido, ya kuma keɓe talifi sukutum a kan basur da magungunansa, mai suna al-Ƙaulul Mansur. A 1824, sa'ad da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zo ya zauna a ƙasarsa.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, basur ciwo ne na wurin da ake jin kunya, amma shugaban daula, malami ɗan malami, bai ga wani abin zubar da girma ba wajen ɗaukar alƙalami ya yi bayaninsa. Na biyu, bai ɗauki neman ilmin magani daga baƙo a matsayin raunin imani ba. Ke nan duk wanda ya ce mana ɓoye ciwon mafitsara da ƙin zuwa asibiti gado ne na magabata, sai mu tambaye shi waɗanne magabatan yake nufi.

Abin da mutanen wancan zamani ba su da shi, su da takwarorinsu na ko'ina a duniya, shi ne hanyar leƙa cikin jiki. Tsayawar fitsari sananniyar masifa ce tun da daɗewa. Likitan Ƙurɗuba, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya kwatanta siririn bututun azurfa da ake sakawa domin a zuƙe wa mutum fitsari. Amma bambance kumburin tsufa daga tsakuwa, ko daga ƙuntatar bututu wadda ciwon sanyi ke bari, ko daga sankara, wannan bai yiwu ba sai daga baya.

Daga 1853 Zuwa 1966

A cikin 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu zamanin Sarki Halilu, inda ya sami kwafin Tarikhus Sudan ya zauna yana kwafar abin da ya iya. A wannan shekara ce kuma, can a Landan, wani likitan fiɗa mai suna John Adams ya buga bayanin wani mutum ɗan shekara 59 da ya rasu, aka duba naman furostet ɗinsa da madubin likita aka tabbatar sankara ce. Adams ya ɗauka cuta ce da ba safai ake samunta ba. Yau kuwa tana sahun gaba cikin sankarorin da ke kama maza a duniya. Ba cutar ce ta sauya hali ba. Mutane ne suka ƙara tsawon rai, idon likita kuma ya ƙara kaifi.

Daga nan sai magani ya biyo baya mataki-mataki. A 1904 Hugh Young ya yi tiyatar cire furostet ɗungurungum a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Tiyatar tana warkarwa in cutar ba ta fita ba, amma takan bar mutum da ɗigar fitsari da mutuwar gaba, har sai a 1982 da Patrick Walsh, a wannan asibiti dai, ya fito da dabarar kauce wa jijiyoyin da ke gefen ƙullutun, abin ya ɗan yi sauƙi.

Babban sauyi ga waɗanda cutar ta riga ta kai ƙashi ya zo ne a 1941. Charles Huggins da abokin aikinsa Clarence Hodges, a Jami'ar Shikago, sun nuna cewa wannan sankara tana rayuwa ne da sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda shi ne ke ba namiji gemu da kaurin murya. In aka cire 'ya'yan maraina, ko aka danne sinadarin da magani, sai ciwon ƙashi ya lafa, wanda ke kwance ya tashi zaune. Wannan ne ya jawo wa Huggins lambar yabo ta Nobel a 1966. A wannan shekara kuma Donald Gleason ya fito da ma'aunin da ake jera sankarar da shi gwargwadon kamannin ƙwayoyinta a madubin likita. Har yanzu da shi ake aiki: maki 6 alamar mai tafiyar hawainiya ce, maki 8 zuwa 10 kuwa alamar mai saurin yaɗuwa. Watau tun a lokacin an gane cewa suna ɗaya ne, amma hali ba ɗaya ba.

Awon Jini da Gardamar da Ya Haifar

A 1979 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin T. Ming Chu, a cibiyar Roswell Park ta Amurka, suka tace wani sinadari da furostet ke fitarwa, wanda aka fi sani da haruffan PSA. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa auna shi a jini domin bibiyar masu cutar a 1986, sa'an nan a 1994 ta amince a yi amfani da shi wajen neman cutar a jikin masu lafiya. Nan da nan miliyoyin maza suka shiga layi, aka yi ta gano cutar, aka yi ta tiyata.

Sai dai awon yana da aibi. Sinadarin nan na furostet ne, ba na sankara kaɗai ba, saboda haka kumburin tsufa yana ɗaga shi, ƙwayar cuta a hanyar fitsari tana ɗaga shi, ko saka robar fitsari ma tana iya ɗaga shi. Adadin da aka saba ɗauka iyaka shi ne 4, amma cikin mazan da nasu ya tsaya tsakanin 4 da 10, wajen uku cikin huɗu in an ɗebi namansu ba a samun sankara. Daɗin daɗawa, tun cikin shekarun 1950 masu binciken gawa suka lura cewa tsofaffi da yawa suna mutuwa da wasu cututtukan, alhali ga ƙananan sankarori a furostet ɗinsu waɗanda ba su taɓa damunsu ba. To, awon jini shi ne ya tono irin waɗannan.

A 2009 aka buga sakamakon manyan bincike guda biyu. Na Amurka bai ga wani bambanci ba a yawan mace-mace tsakanin waɗanda aka riƙa aunawa da sauran. Na Turai ya ga an rage mace-mace da kashi 20 cikin 100, amma lissafinsa na lokacin ya nuna sai an auna mutum 1,410, an kuma yi wa 48 magani, kafin a ceci rai guda. Saboda haka a 2012 kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar a daina awon gama-gari, sa'an nan a 2018 ya sassauta, ya ce a bar wa kowane namiji mai shekara 55 zuwa 69 ya yanke wa kansa shawara bayan ya tattauna da likita.

Binciken da ya fi haskaka maganar zaɓi an yi shi ne a Birtaniya. An ɗauki maza 1,643 waɗanda aka gano cutarsu da wuri, aka kasa su uku: wasu tiyata, wasu gashin na'ura, wasu kuwa sa ido kawai da awo a kai a kai. Da aka buga sakamakon shekara 15 a 2023, sai aka tarar mutum 45 ne kacal cutar ta kashe, watau ƙasa da kashi 3 cikin 100, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin rukunan uku, ko da yake yaɗuwar cutar ta fi yawa a rukunin sa ido. Darasin shi ne, wanda aka gano tasa da wuri yana da lokacin da zai zauna ya yi tunani. Amma a kula, kusan dukkan mutanen nan Turawa ne, kuma awo ne ya gano su, ba ciwo ne ya kai su asibiti ba.

Kuskuren da Aka Yi Game da Baƙar Fata

A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, abin da ake koya wa ɗaliban likita shi ne wannan cuta ba ta cika kama mutanen Afirka ba. Rajistar masu sankara ta farko a Nijeriya an kafa ta ne a Ibadan a 1960, ƙarƙashin Farfesa G. M. Edington, kuma a shekarunta na farko sankarar hanta ce ta fi fitowa a tsakanin maza. Amma rajista abin da ya zo asibiti kaɗai take ƙirgawa. Dattijon da ya kwanta da ciwon baya a ƙauye har ya cika, aka ce tsufa ne ko sammu, babu littafin da sunansa ya shiga.

Likitocin Nijeriya ne da kansu suka warware wannan kuskure. A 1997 Farfesa D. N. Osegbe na Legas ya buga bincike yana nuna cewa cutar ta yawaita a tsakanin 'yan Nijeriya, kuma mafi yawansu suna zuwa ne bayan ta yi nisa. A 1999 Ogunbiyi da Shittu suka nuna cewa a rajistar Ibadan ita ce ta zama ta ɗaya a tsakanin maza. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2020 ya ce an sami sababbin masu cutar fiye da 15,000 a Nijeriya, fiye da 8,000 kuma sun rasu a dalilinta. A Birtaniya an ƙiyasta cewa baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali farar fata ɗaya ne cikin takwas, a Amurka kuwa yawan mutuwar baƙar fata da ita ya kusa ninka na farar fata. Cutar da aka ce ba tamu ba ce, ashe mu ta fi kamawa.

Tarihin shugabannin Afirka ma shaida ne. Ita ce ajalin Kwame Nkrumah a ƙasar Romaniya a 1972, ita ce kuma ajalin Mobutu a Rabat a 1997. Amma Desmond Tutu, wanda aka gano tasa a 1997, ya rayu har 2021. Nelson Mandela ya yi gashin na'ura a 2001, ya rayu har 2013. Wole Soyinka ya fito a 2014 ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa an yi masa maganinta. Saboda haka gardamar Turawa a kan yawan awo ba za mu ɗauko ta yadda take mu aza wa kanmu ba. Su suna fama da gano abin da bai kai a gano ba, mu kuwa muna fama da rashin gano abin da ya riga ya gagara.

Tafiyar Mutumin Masama

Yanzu sai mu ɗauka ga wani dattijo a Masama, shekarunsa sun haura 60. Ya yi shekara biyu yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, alwala ta fara yi masa wuyar riƙewa, amma bai gaya wa kowa ba. Ya sha saiwa, ya sha maganin sanyi daga mai kemis, ya sha maganin basur daga masu lasifika ranar kasuwa. Ɗansa na fari ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, shi ne mai kuɗin magani, shi ne kuma ya san hanyar asibiti. To, amma a al'adarmu ɗan fari shi ne wanda uba ba ya ko ambatar sunansa, balle ya zauna ya yi masa bayanin abin da ke faruwa a mararsa. Wanda ke da ikon taimako shi ne wanda aka fi jin kunya. Haka za a yi ta tafiya har daren da fitsari zai tsaya cik, a nemi mota cikin duhu.

A asibiti abin da za a fara yi shi ne a saka masa roba a zuƙe fitsarin. Sa'an nan likita zai sa safar hannu ya shafa furostet ɗin da yatsa ta dubura, domin ya ji ko da tauri ko ƙurji. Awon ba ya cin minti guda, amma shi ne wanda maza suka fi gudu, har wani ya gwammace ya koma gida. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga nan sai awon jini. In adadin ya yi sama, za a tura shi wurin likitan mafitsara, a yi hoton ciki, a inda kuma akwai hali a yi hoton maganaɗisu, wanda bincike na 2017 da 2018 ya nuna yana taimakawa wajen sanin wanda ya kamata a ɗebi namansa da kuma daidai wurin da za a ɗiba. Ɗibar naman da allura ake yi, sila goma zuwa goma sha biyu, kuma takan bar jini a fitsari na 'yan kwanaki, wani lokaci har da zazzaɓin da ke bukatar komawa asibiti ba tare da jinkiri ba.

Sai kuma jira. Kowane mataki yana da kuɗinsa, da kuɗin mota, da ɗan rakiya wanda ya bar gonarsa, da kwana a barandar asibiti. Sakamakon nama yakan ɗauki makonni. A cikin waɗannan makonni ne iyalai da dama suke sarewa, domin majiyyaci ya ji sauƙi tun da roba ta buɗe masa hanya, sai a ce ai ya warke, a bar takardar sakamako a hannun likita. Wasu kuwa 'ya'ya ne ke karɓar sakamakon su roƙi likita kada ya gaya wa tsoho. Niyyarsu tausayi ce, amma wanda bai san ciwonsa ba ba zai iya zaɓar maganinsa ba, ba kuwa zai gane dalilin da zai sa ya jure wahalarsa ba.

Hanyoyin da ke Gabansa

In cutar tana cikin ƙullutun, makinta kuma 6 ne, likita yana iya cewa a sa mata ido, a riƙa awo lokaci-lokaci. Wannan ba sakaci ba ne, amma yana bukatar mutumin da zai riƙa cika alkawarin komawa, abin da ke da wuya ga wanda ke nesa da asibiti. In makin ya fi haka, sai a zaɓa tsakanin tiyata da gashi. Tiyata ta fi jawo ɗigar fitsari da raunin gaba, gashi kuwa yakan taɓa hanji, yana kuma bukatar zaman makonni a garin da na'urar take, kamar Sakkwato ko Zariya. Ga mai iyali, wannan shawara ba tasa ce shi kaɗai ba, ta shafi matan da ke ɗakunansa, kuma adalci ne a sanar da su.

In kuwa cutar ta kai ƙashi, kamar yadda take ga mafi yawan waɗanda ke zuwa asibitocinmu, to, an koma ga abin da Huggins ya gano a 1941. Ko dai allurar danne sinadari, wadda ake yi duk wata ko duk wata uku, mai tsada, wadda kuma ba a so a yanke, ko kuwa ƙaramar tiyatar cire 'ya'yan maraina, sau ɗaya tak, mai araha. Amfaninsu ɗaya ne, illarsu ma kusan ɗaya ce: sha'awa takan mutu, zufa takan riƙa karyo wa mutum, ƙashi yakan yi rauni. Amma Bahaushe in ya ji maganar tiyatar, dabbar da aka dandaƙe ce ke faɗo masa a rai, saboda haka wani yakan zaɓi allura, ya sayar da gona, ya yi sau biyu ko uku kuɗi su ƙare, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Wannan magani kuma lafawa yake sa cutar ta yi, ba warkarwa ba. Bayan wani lokaci, galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, takan sake motsawa, a koma ga magunguna irin su dosetaksel da abirateron, waɗanda aka amince da su a 2004 da 2011.

To, a dubi bambancin. Wanda ya zo da wuri hanya uku ce a gabansa, kowace kuma tana iya kai shi tsufa. Wanda ya zo a makare hanya ɗaya ce, abin da ya rage masa ya zaɓa shi ne yadda zai biya.

Ba a ce hukuma ba ta yi komai ba. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta buɗe rajistar masu sankara da asusun taimakon marasa galihu a zamanin Gwamna Atiku Bagudu, tsakanin 2015 da 2023, kuma a 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta zama shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara aiki da wani asusu domin masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet. Amma asusu ba ya zuwa ƙauye ya ɗauko mutum, sai mutum ya kai kansa.

Kammalawa

Bilhasali, abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, awo ba hukunci ba ne, mafarin shawara ne. Adadin jini da ya hau ba ya nufin sankara, sankara kuma ba ta nufin gobe za a yi jana'iza. Ƙungiyoyin likitoci da dama suna ba da shawarar cewa namiji baƙar fata ya fara tattauna maganar awo da likita daga shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar. Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke zaune a wannan ɗaki sun kai wannan shekara, saboda haka maganar ba ta iyayenku kaɗai ba ce.

Game da iyayen kuwa, in kunya ta hana ɗa ya tambayi ubansa, ai akwai ƙanen uba, akwai aminin uba, akwai limamin unguwa, waɗanda za a iya bi ta hannunsu. Ku ɗalibai masu karatun lafiya, ku koyi yi wa dattijo bayani da Hausar da zai gane, ku gaya masa gaskiya gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ku bar shi ya yi tambaya. Ku ma'aikata masu riƙe da fayil ɗin kasafi, ku tuna cewa awon jini da ma'aikacin da ya iya fassara shi a asibitin da ke kusa da Masama ya fi sauƙin samarwa bisa ga na'urar gashi, kuma shi ne ke yanke ranar da mutum zai isa hannun likita. Ƙasar da shugabanninta suka rubuta littattafan magani kusan shekara 200 da suka wuce bai kamata dattawanta su riƙa mutuwa da ciwon da suka kasa furtawa ba.